Haƙorin Manaja

Ina zaune a bayan shagona na abinci a Samaru, ranar Laraba da hantsi, faranti a cinya ina tsince wake, wayar Anti Rabi, matar yayana, ta shigo. Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Asabe, yayanki ya tafi."

Na ce, "Ya tafi ina?"

Ta ce, "Ya tafi, Asabe. A gindin wata dalbejiya aka same shi a hanyar Zabi, ya jingina kamar mai hutawa."

Na yi innalillahi. Daga nan abin da ya fito daga bakina, har yau ina jin kunyarsa, shi ne, "To ina keken?"

Can ta ce, "Yana nan kusa da shi. Sai da ya sa masa kwaɗo tukuna." Sai na ji wani sauti a wayar da ban iya bambancewa ba, ko kuka ne ko dariya. Ina jin duka biyun ne.

Shugabannin asusunmu sun ce in rubuta wani abu a karanta a taron bana, tunda ni taubashiyarsa ce. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka ni ce mai izinin tsokanarsa a duniya, kuma ban ga dalilin da mutuwa za ta ƙwace mini wannan izinin ba. Karatuna bai yi nisa ba, a aji uku na sakandare na tsaya. Ku yi haƙuri da yadda zan faɗe shi.

Sababbin shiga ba su san yadda aka fara ba. Malam Yusha'u ya yi shekara talatin a ofishin kuɗi na jami'a. Tun kafin ya yi ritaya ya tara mu, masu shara da direbobi da masinjoji, da wasu malamai, da 'yan kasuwa daga Sabon Gari, ya ce kowa ya riƙa zuba abin da ya iya duk wata. Da kaka ya sayi masara da wake da waken soya, ya zuba a sito a Dogarawa. Idan damina ta yi nisa kaya sun yi daraja ya sayar, a taru a raba riba. Shekara goma sha tara yana wannan aikin. Tun ana ce masa Malam har sunan ya koma Manaja, har matarsa ma haka take kiransa idan ranta ya ɓaci.

Duk wanda ya san Manaja ya san cizo. Bai taɓa sayen buhun hatsi bai ciza ba. Zai zura hannu har gwiwar hannu, ba daga sama ba inda dillali ya zuba mai kyau, ya ɗebo ƙwaya uku, ya zaɓi ɗaya ya kai ta can ciki ɓangaren dama, ya rufe ido. Kasuwa tana ta hayaniya, shi yana tsaye kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Idan ƙwayar ta ce ƙas, ya saya. Idan ta ce tuɓus, ya tofar ya kama hannun kekensa.

Wani dillali a kasuwar Giwa ya taɓa biyo shi da rantsuwa. "Wallahi Manaja masarar nan ta bushe! Sati uku tana shanya! Na rantse da Allah!"

Ya ce, "Rantsuwar taka ce, haƙorin nawa ne. Kowa ya riƙe abinsa."

Kuma ba a kasuwa kaɗai ba. Ranar da aka kai garar 'yata Hauwa, mata sun cika tsakar gida ana guɗa, sai ga Yaya ya kutso tsakiyarsu ya kwance bakin buhun shinkafa. Na ce, "Yaya, don Allah! Gidan surukai ne fa!" Ya ciza, ya rufe ido, ya buɗe, ya dubi uwar ango ya ce, "Hajiya, kun yi sa'a. Ta bana ce." Har yau idan muka haɗu da matar nan sai ta tambaye ni ko inspekta yana lafiya. Wannan karon dai da ta zo gaisuwa ba ta tambaya ba.

Dokarsa ta biyu keke. Cewa yake, "Kuɗin mutane ba ya zuwa inda kekena bai taka ba." Giwa da ƙafarsa yake tuƙawa. Idan Makarfi ce ko Saminaka, sai a ɗaure keken a saman mota, a yi ta ciniki da direba a kan kuɗin keke har fasinjoji su fara tsaki. Wasu matasa masu kwat sun taɓa zuwa taronmu suka ce a zuba kuɗin a wata harka ta Legas da ake gani a waya. Ya saurare su har ƙarshe, yana gyaɗa kai. Da suka gama ya ce, "Madalla. Ana cizawa?" Suka ce a'a. Ya ce, "Keke yana zuwa?" Suka ce a'a Baba. Ya ce, "To a ba su ruwa, sun sha hanya."

A shekarun nan kuwa, jama'a, kun tuna yadda sunansa ya tashi. Mai sharar da bai taɓa riƙe kuɗin rago ba ya yi layya. Mutum nawa a nan suka yi rufin kwano da ribar asusu? Ni kaina firjin shagona daga nan ya fito. Mutane suka riƙa zuwa daga Tudun Wada da cikin birni suna roƙon a sa su. Idan ya ratsa kasuwar Samaru, masu tumatir kan ɗaga murya, "Manaja! Taɓa mini tire ko a yi ciniki!" Shi kuwa ko murmushi, ƙararrawa kawai yake kaɗa musu.

Wata shekara riba ta yi kyau ƙwarai, muka haɗa baki a ɓoye muka tara kuɗi za mu saya masa babur. Tsautsayi ya sa wani ya kai masa kuɗin a hannu, wai ya zaɓi kalar da yake so. Bayan wata bakwai ya tashi a taro ya ce, "Kuɗin babur ɗin nan na sayi wake da shi. Ga na kowa da ribarsa." Muka ce haba Manaja, kyauta ce fa! Ya ce, "Na gode. Babur shan mai yake. Keke kuwa tuwo yake ci, kuma da ma zan ci tuwon."

Tuwon ma ba ko da yaushe nasa yake ci ba. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yana shagona, shinkafa da wake da mai da yaji, bai taɓa biyan ko sisi ba. Idan na yi magana ya ce dubawa yake yi ko abincin ya dace da ɗalibai. A gidanmu ɗan namiji ke ba ɗan mace kuɗin shara a watan cika-ciki, to ni ce mai karɓa. Tun da aka kafa asusun nan ban ƙara ganin kuɗin sharata da idona ba. Duk shekara in tare shi, in miƙa hannu.

"Yaya, shara."

"Na zuba miki a asusu."

"Ni a hannu nake so, in sayi goro."

"Goro ƙarewa yake. Ki gode Allah da ya ba ki ubangida mai hankali."

Sai kuma takardar kurakurai. Kafin ya faɗi riba, sai ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, ya gyara tabarau, ya ce, "Kurakuraina na bana." Mutane na ƙagauta su ji rabonsu, shi yana karantawa a hankali. "Na ɗaya, na sayi zaren ɗinkin buhu a Sabon Gari, alhali ya fi araha a Giwa. Na biyu, na yarda da wani dillali saboda gemunsa. Na uku, na bar fitilar sito a kunne kwana biyu." Mu yi ta dariya har da riƙe ciki. Alhaji Tanko mai katako kan yi ihu daga baya, "An yafe! An yafe! A zo kan kuɗi!" Mun ɗauka wasa ne irin nasa. Ba mu san yana nufin abin da yake yi ba sai da ranar ta zo.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba.

Wata Juma'a ce gab da kaka. Yana cin shinkafa da wakensa a bencin shagona, sai na ji ƙas. Ba irin ƙas ɗin masara ba. Ya tsaya da tauna. Ya sa yatsa ya fito da tsakuwa, ya ajiye a gefen faranti. Ya sake sa yatsa ya fito da rabin haƙori, ya ajiye kusa da ita. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce, "Asabe, kin kashe mini babban ma'aikaci."

Dariya na yi. Wallahi dariya na yi har da hawaye. Na ce alhakin abincin da ba ya biya ne. A satin aka cire masa sauran a asibiti.

Dakta Lawal, wanda ke koyar da harkar noma, yana cikinmu tun farko. Ya daɗe yana ce masa a sayi na'urar gwada danshi, 'yar ƙarama ce, a zuba mata ƙwaya ta nuna ko ta bushe. Da ya ji labarin haƙori ya sake zuwa da ita har gida.

"Manaja, ga ta aro ma, ba saye ba. Ka je da ita kasuwa."

"Da me take aiki?"

"Batir."

"Idan ya mutu fa?"

"A sayi wani."

"Ka ji ko? Nawa kyauta Allah ya ba ni, kuma akwai saura a hagu."

A kakar nan da hagu ya ciza. Ashe hagu ba ta san aikin ba. Ruwan sama ya yi jinkirin ɗaukewa a shekarar, manoma na sauri su sayar, masara da yawa ta shigo kasuwa da ɗanyenta. Ya saya, ya cika sito, ya kulle. Da aka buɗe bayan wata uku, warin ne ya fara fitowa. Fiye da rabi ta yi fumfuna, ta dunƙule, ko masu abincin kaji ba su taya ba sai da aka roƙe su.

Kuna nan a taron shekarar. Ya zaro takarda kamar kullum, ya gyara tabarau. "Kurakuraina na bana. Na ɗaya, haƙorin da nake gwaji da shi ya fita, na ciza da hagu. Na biyu, Dakta ya kawo mini na'ura na ƙi karɓa saboda girman kai. Babu na uku, waɗannan sun isa. Babu riba bana, kuma uwar kuɗi ta taɓu."

Ba wanda ya ce an yafe. Alhaji Tanko ya miƙe. "Haƙori? Dukiyar mutum ɗari da wani abu a kan haƙori? Da ma a bakinka muka zuba kuɗinmu?"

Ya ce, "Eh, Alhaji. Shekara goma sha shida a nan yake, kana karɓar riba."

Wani ya tambaya daga gefe, cikin gatse, wai a ina ma haƙorin ya karye. Ina zaune a layi na biyu. Rabin masu cin abinci a shagona suna cikin ɗakin nan. Kalma ɗaya zai faɗa a yi dariya, fushin ya rabu biyu, rabi ya dawo kaina. Ko kallon inda nake bai yi ba. Ya ce, "Wannan bai shafi asusu ba. Tambaya ta gaba."

To yau kun ji. A wakena ya karye. Ban ce laifin masarar nawa ne ba, shi ya ƙi na'ura, kuma ya faɗa da bakinsa. Amma na zauna na yi shiru ranar, kuma na ci gaba da yin shiru shekara uku.

Shekara ta biyu ya karɓi na'urar aro, ya sayi kaya busassu ƙarau, amma da tsada, yana so ya mayar da abin da aka rasa a tashi ɗaya. Sai farashi ya karye. Aka ce ya sayar a rage asara, ya ce a jira. Aka jira, ya ƙara karyewa. Wannan ba ruwan haƙori, taurin kai ne zalla, irin na gidanmu. Shekara ta uku aka samu 'yar riba da ba ta kai a faɗa ba, alhali wasu ƙungiyoyin da ba su kai mu ba sun raba abin kirki.

Sunan ya zube. Masu tumatir suka daina kira. Wasu suka sa masa Manaja Giɓi. A masallaci wanda da yake tsallake sahu ya zo su gaisa, sai ya zama yana duba waya. Ba wanda ya ce ya ci kuɗi, ko maƙiyinsa bai iya faɗar haka ba, kowa na ganin facin tayar kekensa. Cewa ake ya tsufa, sa'arsa ta ƙare, da ma can sa'a ce ba iyawa ba. Wannan ta ƙarshen ita ta fi yi masa ciwo, Anti Rabi ta gaya mini.

Mutane suka fara janye kuɗinsu. Ni ma na janye. Kuɗin hayar shago ya taso, gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne, tsoro na ji. Na same shi a ƙofar gida yana sa wa sarƙar keke mai. Na faɗi abin da ya kawo ni. Da ma na tsaya a nan. Sai na ƙara da cewa, "Ka tsufa, Yaya. Ka sakar wa mutane kuɗinsu tun kana da sauran mutunci." Ba da muryar wasa na faɗa ba, kuma ya gane.

Ya goge hannu ya shiga ciki. Washegari ya kawo mini kuɗina har shago, ya sa na sa hannu. Sannan ya zaro wata 'yar ambulan daban ya ajiye a kan benci.

"Wannan fa?"

"Kuɗin shararki ne tun daga farko, da ribarsa. An cire asarar masara."

Ya hau kekensa. Daga ranar bai ƙara cin abinci a shagona ba. Duk Juma'a zai wuce ta gaban shagon, ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, bai tsaya ba.

A taron bara aka ƙaɗa ƙuri'a aka sauke shi, aka kafa kwamiti. Na ɗauka zai yi fushi ya fita. Sai ya miƙa makullan sito, ya nuna wanda ke cijewa sai an ɗaga ƙofar, sannan ya nemi alfarma ɗaya, a ba shi takardar sunayen duk wanda kuɗinsa ke ciki a shekarun asara, har da waɗanda suka fita. Aka ce me zai yi da ita? Ya ce, "Kekena ya je duk inda kuɗinku ya je. Bai je inda asarar ta sauka ba."

Abin da ya yi ke nan wata goma sha ɗaya, dattijo mai shekara saba'in da ɗaya. Gida gida, shago shago, Samaru, Dogarawa, Zabi, Sabon Gari, Palladan. Ba kuɗi yake kaiwa ba, ba shi da su. Zai yi sallama, ya zauna, ya ce ga abin da na yi da kuɗinka, ga inda na yi kuskure, me ka yi niyyar yi da shi da bai yiwu ba? Sai ya saurara. Wasu ba su fito ba, aka ce masa ba sa nan alhali takalminsu na ƙofa. Sai ya sa ɗigo a gaban sunan, ya dawo wani satin. Alhaji Tanko sai a zuwa na huɗu ya fito.

Mama Chinedu mai robobi a kasuwar Sabon Gari, wadda a nan aka haife ta kuma Hausarta ta fi tawa, ita ta ba mu nata labarin ranar sadakar uku. Kuɗin da ta rasa na buɗe wa ɗanta shago ne. Ta ce da ya zo ta bar shi tsaye a rana tana ta ciniki, kusan awa guda. Da ta juyo ta wanke shi tas, da Hausa, da Turancin kasuwa, da yaren garinsu da ba ya ji. Maƙwabta suka taru. Shi kuwa ya cire hula ya riƙe a hannu. Da ta tsaya shan iska ya ce, "Akwai saura?"

Ta ce, "Akwai!" Ta ƙara masa.

Da ta gama, ta ce jikinta ya yi sanyi, ta ba shi kujera ta aika a kawo masa lemo mai sanyi. Ya dubi kwalbar ya ce, "Kar a buɗe. A mayar, a ba ni ruwa. Asarar da na jawo miki ta isa."

Ta ce mana, "Ban mayar da kuɗina asusu ba, kuma ba zan mayar ba, kar ku ce na ce. Amma shekarata hamsin a kasuwar nan. Waɗanda suka halaka mini kuɗi suna da yawa. Shi kaɗai ne ban neme shi ba, shi ya neme ni." Ta ɗaura ɗankwali ta zauna da mu har la'asar.

A gidan Dakta Lawal kuwa, bayan ya gama bayaninsa, sai ya ce a fito da na'urar nan su gwada da shi. Aka kawo masara kashi uku. Ya ciza da hagu, ya rufe ido, ya faɗi nasa. Aka zuba wa na'ura ta faɗi nata. Biyu suka saɓa. Dakta ya fasa ƙwayar da wuƙa, na'ura ce da gaskiya.

Ya ce, "Ta fi ni. Ka gaya wa kwamiti su saya."

Dakta ya ce, "Ai har mun yi shawarar sayen guda biyu."

Ya ce, "Biyu? Ɗaya! Kuɗin mutane ne!"

Ni kuwa ina jin labarin nan daga bakin mutane. Ya je wurin wance, ya je wurin wane. Ya je wurin mai wankin hula da ke jikin shagona, na ga keken a jingine, ya fito ya kaɗa mini ƙararrawa ya wuce. Abin ya ci ni. Na samu Anti Rabi na ce, shin ni ba mutum ba ce, ko kuwa gaba yake da ni?

Ta ce, "Ke ma kya faɗa. Dangi ya sa a ƙarshe, wai bare ya fi haƙƙi. Ni ce ta can ƙasa. Na ce masa Manaja, ga ni a gabanka safe da yamma, ka faɗa mini mana a wuce wurin. Ya ce layi bai zo kaina ba."

Ranar Litinin ɗin satin da ya rasu, ta biyo ta shagona daga kasuwa. Ta ce, "An ba ni saƙo. Ya ce baƙi sun kusa ƙarewa, saura mutum biyu a Zabi. Yana nan tafe wurinki ranar Juma'a bayan masallaci." Ta juya za ta tafi, ta dawo. "Ya ce kuma ki tsince waken."

Na zage shi a gabanta, irin zagin da na saba, ta yi dariya ta tafi. Na auno wake mudu ɗaya na ware daban. Na tsince shi ranar Litinin, na sake ranar Talata. Shi ne a cinyata ranar Laraba. Na kuma shirya abin da zan faɗa. Na yi niyyar ba zan bari ya fara ba, ni zan fara, tunda ni ma ina da takardar kurakurai, guda biyu ne a ciki.

Kun ga jama'ar da ta taru a jana'izarsa. Na ji maza suna cewa layin ya kai har bakin titi, masu keke napep sun tsaya da aiki. Ban ce duk sun yafe ba, wasu har gobe suna jin zafin kuɗinsu, kuma suna da gaskiya. Shekara goma sha shida ya yi mana daidai, uku ya yi kuskure, kuma ba wanda ya riga shi faɗar kuskuren. Ni dai idan aka ce Manaja Giɓi a gabana yanzu, ba na jin haushi. Cewa nake, eh, yayana ne.

Allah ya jiƙan Malam Yusha'u. Allah ya yafe masa kurakuransa, waɗanda ya karanta mana da waɗanda shi kaɗai ya sani. Yadda ya bi bayinka gida gida yana neman afuwa, ya Allah kar ka bar shi tsaye a ƙofa. Allah ya ba Anti Rabi da yaran haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

An samu takardar sunayen a aljihunsa na gaba, ta yi laushi saboda ninkewa. Mutum biyun Zabi ya sa musu alama, daga wurinsu yake. Mutum tara suka rage, duk dangi, sunana ne na farko a cikinsu. Bai zo ba, ni ma ban faɗa masa nawa ba.